Wuyan Rigar Bashir

New Bell, Duwala.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki Malam Umaru da 'yar jaririya. Allah Ya kai ku Ngaundare lafiya, Ya tsare ku a cikin jirgin ƙasa, Ya sa ku tarar da mutanen kirki a inda za ku sauka.

Na san za ki yi mamakin takarda daga wadda kuke unguwa ɗaya da ita. Amma kin san halina da naki. Ba mu taɓa iya zama mu yi doguwar magana ba, da na buɗe baki sai faɗa ya riga nasiha fitowa, ke kuma ki sunkuyar da kai ki ce "to, Inna", ki tashi. Takarda ba ta da murya, ba za ta yi miki tsawa ba. Ki karanta ta kafin ki gama ɗaure kaya, kada ki bari sai a hanya.

Na sa an kwance kan keken ɗinkin daga ƙafafunsa, an naɗe shi da tsohon bargo. Naki ne, ki tafi da shi. Idona ya daina ganin kafar allura sai na fita tsakar gida, ke kuma za ki buƙace shi fiye da ni. Tunda kiriz ɗin nan, wato matsin tattalin arziki, ta rufe biro, ofishin da Malam Umaru ke aiki, ta kuma sallame ki daga naki, ban ga alamar za a kira kowa nan kusa ba. Yara ba sa jiran tattalin ƙasa ya gyaru kafin su girma.

Sai maganar Bashir, ɗanki na fari. Ranar da kika zo, kika tsaya bakin ƙofa kina kallon bango, kika ce, "Inna, wancan yaron fa, a nan za mu bar shi. Ɗaki ɗaya yayan Malam ya ba mu, ga sanyi, ga ba aiki." Na ce to. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Tun rasuwar babanki gidan nan ya yi min girma, ƙannenki kowa ya kama gabansa, in ba maigidan nawa Bashir ya zo yana ɓarin ruwa yana neman ƙosai ba, sai in wuni ban yi magana da kowa ba. Amma tun daga ranar nake juya wannan "to" ɗin a raina. Zan dawo kanta. Bari in fara da yadi, shi na fi sani.

Yadin da za ki fi yi wa yara ɗinki da shi tiriko ne, mai talewar nan irin na singileti. Yana da arha in kin sami ragowar kamfani, ba ya son guga, yaro ya yi gudu da tsalle a ciki bai yage ba. Amma yana da taurin kai, kuma duk abin da zan faɗa miki a kansa sai da na ɓata yadi kafin na sani.

Lokacin da kiriz ta fara, masu albashin da ke sayen goron babanki suka koma sayen rabi, wasu suka daina gaishe shi don kunya. Ƙannenki Sadiku da Ali suna lekol, wato makaranta, wandunansu sun mutu. Na shiga mota na tafi Ndokoti wurin Mama Odil, wata mai sayar da ƙyallayen da kamfanoni ke zubarwa, na cika leda. Da na dawo ko hutawa ban yi ba, na shimfiɗa na yanka, kafin la'asar wando biyu sun fito, har idon sawu, na zauna ina yaba kaina. Wanki ɗaya aka yi musu suka hau ƙwauri. Wanki na biyu Ali ya ce shi ba zai fita da gajeren wando mai dogon suna ba. Babanki ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na hana kowa abincin kirki ranar don haushi.

Saboda haka ki wanke shi tukuna. Duk yadda kike sauri, duk yadda Sallah ta matso, ki jiƙa shi, ki bar shi ya gama tsukewarsa kafin almakashi ya taɓa shi. A nan ne za ki ga mai zuba, ki ware shi kada ya ɓata sauran. Kada ki rataye shi a igiya da ruwa a jikinsa, nauyin zai ja shi ya karkace. Ki shimfiɗa shi a tabarma a inuwa. Can ma kin huta, an ce kaya na bushewa da wuri, ba irin namu na nan ba da zane ke kwana uku yana warin laima.

Kuskure na biyu rowa ce ta jawo shi. Tiriko ta gefe ɗaya ya fi miƙewa. Na sani, amma na ga in na juya rigar a kwance zan fitar da biyu a ƙyallen da ya isa ɗaya da rabi. Na juya. Rigar Sadiku ta matse masa ciki kamar an ɗaure buhu, tsawonta kuma kullum ƙaruwa yake, har ta kusa gwiwa. Yadin da na yi wa rowa gaba ɗaya na yi asararsa, ya koma tsumman goge ƙasa. Kafin ki ɗora alli ki kama yadin ki ja ta nan, ki ja ta can. Inda ya fi ba da kai, shi zai zagaye jikin yaro. Ki ɗaga shi a rana kuma, don ragowar kamfani ba ta rasa 'yar huda, kuma hudar tiriko ba ta tsayawa inda take. In ƙyalle bai isa ba, ki yi hannu da wani launi. Yara suna son haka, sai su ɗauka ado ne.

Na uku shi ne hannuna. Na saba da atamfa, wadda sai kin riƙe ta da ƙarfi. Na riƙa jan tiriko ta gaba da ta baya yana shiga keke, sai kalmasa ta fito a lanƙwashe, tana hawa tana sauka. Da na daina ja gaba ɗaya kuma, yaro na ɗaga hannu sai zare ya tsinke a hammata. Na kwashi rigunan na koma Ndokoti da niyyar in yi wa Mama Odil tas, a kan ta sayar min da ruɓaɓɓen yadi. Ta juya riga ɗaya, ta dube ni, ta ce da 'yar Hausarta, "Hajiya, doucement, a hankali. Wannan ba akuya ba ne da za ki ja shi kasuwa. Yadi lafiya, hannu ne ba lafiya." Na ji kamar in nutse, ga mutane. Sai da na sayi wata leda don kada a ce faɗa ya kawo ni.

Kekenmu ba ya zigizag, ɗinkin tsaye kawai ya iya, kuma zaren tsaye ba ya miƙewa. Dabarar ita ce ki ɗan tale yadin kaɗan, kaɗan fa, daidai gwargwado daga farko har ƙarshe, don in ya koma zaren ya sami sarari. Ki yi layi biyu a hammata da tsakiyar wando. In yadin yana nannaɗewa ko keke na haɗiye shi, ki sa takardar burodi a ƙarƙashi ki ɗinka tare, bayan nan ki yage ta. Allura mai tsini sosai tana yanke saƙar, sai bayan wanki ki ga 'yan ramuka a jere. Ki nemi mai ɗan dakusasshen baki. Na sa miki waɗanda nake da su a gwangwanin da ƙoshiya take, ki ririta su, ban san ko ana samu a can ba. In abu ya ƙi, ki tashi ki sha ruwa. Ban taɓa gyara ɗinki ina cikin fushi ya gyaru ba, kuma kin gaji fushina sarai, kin dai fi ni iya ɓoye shi.

Akwai wata wautar da na yi, kin san ta, don ke kika kama ni. Lokacin da okirika, wato gwanjon Turai, ta cika kasuwar Nkululun, yaran unguwa suka fara yi wa Ali dariya wai ɗinkin gida yake sawa. Abin ya ci min rai. Na riƙa yanke 'yar takardar wuyan tsofaffin kayan gwanjo ina ɗinka ta a rigunansa, don a ce daga Turai suka zo. Kika dawo daga biro, kika ɗaga rigar a kan igiya, kika ce, "Inna, c'est pas possible, wannan ba zai yiwu ba. Nan fa an rubuta ta jariri ce ɗan wata shida." Ali yana ajin ƙarshe na firamare lokacin, kuma duk abokansa sun iya karatu. Ashe dariyar da na so in kashe ninka ta na yi, yaron ya yi shiru don kada ya ɓata min rai.

Kada ki ji kunyar aikin hannunki. Na san kin zauna a kujera mai juyawa, kin buga takardu da Faransanci, kuma na yi alfahari da ke har na ishi mata a gidan biki. Wannan bai tafi ko'ina ba, yana kanki. Amma in matan can suka ga rigar 'yarki suka tambaya, ki ce ni na ɗinka, ki ce kuma ina yi wa mutane. Garin sanyi ne, kowace uwa na neman riga mai dogon hannu. Ki guji mai sheƙin nan na roba ko da ya fi kyau a ido, ƙuraje yake fesa wa yara a wuya da baya.

Yanzu sai wuya, wanda ya fi duk sauran. Wannan ya riga kiriz da shekaru masu yawa, kina 'yar shekara biyar ko shida, kamar Bashir yanzu.

Babanki ya dawo daga tafiya da wani tiriko ruwan ƙwai, ya ce a yi miki rigar Sallah. Lokacin muna gidan gado, tare da Goggo Ladi, yayarsa, da sauran dangi. Ke 'yar fari ce, kin san yadda ake yi. Ban kiran sunanki, ban ɗaukar ki a gaban mutane, in kin faɗi wani ke tashin ki. Haka aka yi min, haka na yi, kuma an yabe ni a kai. Goggo Ladi takan ce, "Matar ƙanena akwai kunya, ko kallon yarinyar ba ta yi." Ina jin haka sai kaina ya ƙara girma.

To ɗinki yana son awo, awo kuma yana son a kira yaro a tsayar da shi, a zagaya shi da hannu. Na kasa. Na aika aka karɓo rigar 'yar maƙwabta da na ga kamar tsawonku ɗaya, na ɗora na yanka. Ban san kanki ya fi nata girma ba. Ta ina zan sani? Goggo ke yi miki kitso. Na kuma ɗinke wuyan da zaren tsaye, layi biyu, na matse shi sosai don ya yi kyau.

Da safen Sallah aka ba ki rigar. Kika shiga ɗaki ke kaɗai, kika tura kai, ya ƙi. In wata yarinyar ce, da ta kira uwarta. Ke kin riga kin san ba a kirana. Kika kama da hannu biyu kika fizga da ƙarfi, wuyan ya kama ɗan kunnenki na hagu ya tsaga kunnen har ƙasa. Ina tsakar gida ina kwashe tuwo kika fito, jini na bin wuyanki yana sauka a kan rigar. Ba ki yi kuka ba. Kika dube ni sau ɗaya, kika wuce ni, kika tafi wurin Goggo.

Tsakar gidan cike yake da dangin babanki. Na tsaya da mara a hannu. Ƙafata ta so ta tafi, na hana ta. Goggo ta wanke miki, ta sa toka, ta ce, "Wa ya ɗinka wannan abu kamar bakin tulu?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga baya na shiga bayan gida na yi kukana, na wanke fuska na fito na ci gaba da rabon abinci. Har yau kina jawo ɗankwali ta gefen nan, kin ɗauka ban lura ba. Ban taɓa ce miki sannu a kan kunnen nan ba. Sannu, Ummi. Abin ya yi min ciwo a ranar, kuma bai daina ba.

Ga abin da ya kamata in sani. Kan yaro babba ne a kan jikinsa, ba kamar na manya ba. Rigar da ta yi daidai a kafaɗa tana iya ƙin wuce kai. Ba a aron awon wuya a wurin ɗan wani, ba a kuma yin sa da ido. Ki zagaya santimita, tef ɗin awo, a kansa ta saman kunnuwa, inda ya fi faɗi. Ki yanka bakin wuyan daga yadin da ya fi talewa, ya ɗan gaza ramin wuyan, don ya kwanta lumui. Ki haɗa shi zobe, ki zura a kan yaron da hannunki kafin ki ɗinka shi a riga. In ya wuce ba tare da ya runtse ido ba, ya yi. In kin gama ɗinkin ki sake gwadawa, ki tambaye shi ko yana shaƙe shi, ki kuma dubi fuskarsa lokacin da yake amsawa, don wasu yaran "a'a" suke cewa ko da yana yi.

Bashir irin waɗannan yaran ne. Rigar da kika sayo masa a watan jiya, da ido kika saya, kika aiko shi da ita a leda in sa masa. Ta matse shi a hammata, bai faɗa miki ba, ni na farke na ƙara. Ranar sunan jaririya yana da zazzaɓi, na gan shi ya zo ya jingina da gwiwarki, kika janye ƙafa saboda 'yan'uwan Malam suna wurin. Bai yi kuka ba. Ya tashi ya zo wurina. Mata suka ce, "Ummi akwai kunya, ta gado uwarta." Na ji maganar kamar an watsa min ruwan zafi, don na san wurin wa kika koya.

Shekaranjiya yana cin ƙosai a nan ya ce min, "Kaka, jirgin yana da wurin yara?" Na ce yana da shi mana. Ya ce, "Ummi ta ce babu." Na ce, "Kai da kake da mata a nan, ina za ka? Wa zai ba ni kuɗin cefane?" Bai yi dariya ba, shi da kullum wasan nan ke sa shi ƙyalƙyala. Ya ce, "In na zauna a ƙasa fa, ba a kujera ba?"

Na san ɗaki ɗaya ne. Na san akwai sanyi, kuma Malam bai san abin da zai tarar a shagon yayansa ba. Duk gaskiya ne. Amma mu ma ɗaki ɗaya muka yi da ku huɗu kafin babanki ya gina nan, ba wanda ya mutu. Na kuma san ba ɗakin ne kaɗai ba. Kin ga ya fi sakewa da ni, kin ɗauka ya fi so na. Ni ma haka na ɗauka game da ke da Goggo Ladi, na bar mata ke, har ta rasu, sannan na juyo na tarar da budurwa mai ce min "to, Inna" tana kallon ƙasa. Riƙo ba laifi ba ne, an riƙe mutane da yawa sun yi albarka. Amma wanda za a ba riƙo ya kamata ya san cinyar uwarsa tukuna, shi kuwa bai sani ba. In kika bar shi yanzu, da kiriz ɗin nan da tsadar jirgi, sai ya yi hankali kafin ki sake ganinsa, kuma zai gaishe ki da ladabi irin na baƙo.

Don haka na janye "to" ɗina. Ba zan riƙe shi ba. Na aika wa Malam Umaru ta bakin ƙaninsa, ya ce duk abin da na gani shi ne daidai, dama bai so ba, nauyina ya ji. Saura ke. Ban ce ki zubar da kunya a gaban surukai ba, ban ce ki riƙa kiran sunansa a kasuwa ba. Ɗaki yana da ƙofa. Ki rufe ta, ki kira shi, ki zaunar da shi a jikinki.

A ƙasan buhun ƙyallayen akwai riguna masu dogon hannu da na yi masa saboda sanyin can. Na haɗa kafaɗa, na sa hannu, na yi kalmasa. Wuyan ne ban yanka ba, ko ɗaya. Na san awon kansa ko ido rufe, amma ba zan faɗa miki ba, kuma na tabbatar babu wata rigar sanyi a kayansa sai su. Kwanan farko da za ku yi a can zai buƙaci ɗaya.

Ki turo min shi gobe da safe in yi masa wanka in ba shi ƙosai. Ba zan raka ku gar, tashar jirgi, ba. In na ga ya hau jirgin nan zan iya cewa a sauko min da shi, kuma na san ki, za ki ce to.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Allah Ya buɗa wa Malam Umaru, Ya sa albarka a keken nan fiye da yadda Ya sa min, Ya raya miki su biyun a gabanki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min. In ya yi kukan nemana a hanya, kada ki miƙa shi ga kowa, ki ɗauke shi da kanki.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.